Tambayoyi da amsoshi: yadda ake auna nauyin sauran wasannin ƙungiyar ƙwallon kwando

Daga watan Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu, duk inda masu bin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, suka zauna a Kano, ko a bakin ɗakin wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata bayan atisaye, ko a teburin mai shayi, magana ɗaya ce ke yawan dawowa: "Ai sauran wasanninmu masu sauƙi ne." Wani kuma ya ce nasu duk duwatsu ne a gaba. Wannan abu ana auna shi da biro da takarda, kuma ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Tunda kowace ƙungiya wasa 82 take yi, ta ina na wani ya fi na wani nauyi?

Yawan wasan ɗaya ne, abokan karawar ne ba ɗaya ba. Ƙungiyoyi 30 ne, an raba su shiyya biyu, Gabas da Yamma, 15 a kowace, kuma kowace shiyya tana da rukuni uku masu ƙungiya biyar-biyar. Ƙungiya tana karawa sau huɗu da kowace 'yar rukuninta, wasa 16 ke nan. Sauran goman da ke shiyyarta, shida sau huɗu, huɗu sau uku, wasa 36. Ƙungiyoyi 15 na ɗaya shiyyar kuwa sau bibbiyu, gida da waje, wasa 30. Gasar kofin tsakiyar kaka da aka shigo da ita a 2023 ta ɗan taɓa wannan tsari, domin akwai wasa biyu da ba a sa su a jadawali sai an gama matakin rukuni na kofin, amma ginshiƙin yana nan.

To ka ga wasa 52 cikin 82 da 'yan shiyya ake yin su. Shekarar da Yamma ta fi ƙarfi, ƙungiyar Yamma ta fi shan wuya tun daga tushe. Sannan ba a jera wasannin daidai wa daida. Wata ta gama da manyan ƙungiyoyi tun kafin Janairu, wata kuma suna jiranta a Maris.

Mene ne lissafin farko da zan iya yi da kaina?

Rubuta sauran wasannin a jere. A gaban kowane wasa rubuta kason nasarar abokin karawa, wato wasannin da ya ci a raba da duk waɗanda ya buga. Mai nasara 30 da faɗuwa 20 kashi 60 cikin 100 ke nan. Haɗa su duka ka raba da yawan wasannin. In ya haura kashi 50, jadawalin ya fi matsakaici nauyi, in ya gaza, ya fi sauƙi. Wannan ne adadin da shafuka irin su Tankathon ke nunawa, kuma bayan hutun wasan taurari na Fabrairu yawanci za ka ga ƙungiyoyi tsakanin kashi 45 da 55.

Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Na farko, in za ku haɗu da ƙungiya ɗaya sau uku, sai a rubuta ta sau ɗaya. Sau uku za a rubuta, domin wasa ake ƙirgawa, ba suna ba. Na biyun ya fi ɓuya: cikin sakamakon abokin karawa akwai wasannin da ya buga da ƙungiyarka. In kun doke shi sau biyu, ku ne kuka rage masa kaso, sai lissafin ya nuna shi mai rauni fiye da yadda yake. Misali mai 30 da 20 ɗin nan, in kun kara sau uku, ya ci ɗaya ya faɗi biyu, cire su. Ya koma 29 da 18, kusan kashi 62. Ga kuma wani abu: babbar ƙungiya ba ta karawa da kanta, don haka jadawalinta kullum yakan ɗan yi kama da mai sauƙi, na ƙaramar ƙungiya kuma ya yi kama da mai nauyi, alhali tsarin ɗaya ne.

Me ya hana in tsaya a kan wannan adadin?

Saboda yana gaya maka yadda ƙungiya ta kasance tun Oktoba, kai kuma ƙungiyar daren wasan za ka fuskanta. Boston Celtics a farkon Janairun 2022 tana da nasara 18 da faɗuwa 21. Duk wanda ya gan ta a jadawalinsa a lokacin ya rubuta ta ƙasa da matsakaici. Ta ƙare kakar da 51 da 31, ta kai wasan ƙarshe. Los Angeles Lakers ta fara kakar 2022-23 da nasara 2 da faɗuwa 10, ta sauya 'yan wasa kafin rufe kasuwar cinikinsu a Fabrairu, ta kai wasan ƙarshe na Yamma. A Fabrairun 2025 kuwa, dare ɗaya aka wayi gari Luka Doncic ya bar Dallas ya koma Lakers, Anthony Davis ya tafi Dallas. Adadin da ke kan tebur bai motsa ba a wannan safiyar, amma ƙungiyoyin biyu sun zama wasu daban.

Irin wannan ne ya sa lissafin da ake yi a Agusta, ranar da aka fitar da jadawali, bai cika tsayawa ba, domin da sakamakon bara ake yin sa. Detroit Pistons ta ci wasa 14 kacal a 2023-24, har ta jera faɗuwa 28. Kakar da ta biyo baya ta ci 44.

In ba kason nasara ba, da me zan auna ƙarfin abokin karawa?

Da ratar maki: matsakaicin makin da yake ci a wasa, a cire matsakaicin wanda ake ci masa. In ka samu wanda aka lissafa a kan kowane hari 100 ya fi, domin yana daidaita masu wasa da sauri da masu jan ƙafa, amma na wasa-wasa ma ya isa. Shafin Basketball-Reference yana da wani ma'auni, SRS, wanda ya riga ya gyara ratar da ƙarfin waɗanda aka kara da su.

Dalilin fifita rata shi ne wasan da aka ci da maki ɗaya ko biyu akwai sa'a a cikinsa: ƙwallo ta zagaya baki ta faɗa ko ta fito, alƙali ya busa ko bai busa ba. Ƙungiya na iya tara irin waɗannan ta hau tebur, amma ba ta iya dogara da su. Ƙa'idar da masu lissafi ke amfani da ita ita ce kowane maki ɗaya na rata ya yi daidai da nasara kusan 2.7 a kaka, a ɗora a kan 41, wato rabin wasa 82. Ɗauki ƙungiya biyu, kowace tana da 30 da 25. Ɗaya ratarta maki 3 a sama, ɗayar maki 1 a ƙasa. Ta farko ƙarfinta na mai cin wasa 49 ne, ta biyu na mai cin 38. A tebur kafaɗa da kafaɗa suke, a fili kuwa tazara ce babba. Sai dai ƙa'idar tana karyewa a can ƙololuwa. Oklahoma City Thunder ta kafa tarihi da ratar maki 12.9 a 2024-25, wanda a wannan lissafi zai ba da kusan 76, amma 68 ta ci.

Shawararmu ita ce a haɗa biyu: kashi biyu cikin uku daga ratar kaka gaba ɗaya, kashi ɗaya daga wasa 20 na baya-bayan nan. In an yi babban ciniki ko tauraro ya ji rauni mai tsawo, ƙara wa na baya-bayan nauyi. Layin nan na wasa goma na ƙarshe da ake sawa a gefen tebur, kada ka gina komai a kansa shi kaɗai. Goma ta yi kaɗan, kuma sau da yawa jadawali mai sauƙi ne ya haifar da ita.

Yaya zan mayar da wannan ya zama yawan wasannin da za mu ci?

Nan ne ainihin aikin, kuma wasa-wasa ake yin sa. Ga kowane wasa, ɗauki ratar ƙungiyarka ka cire ta abokin karawa. In a gida ne ƙara maki 2, in a waje ne cire 2. In kun buga jiya su kuma sun huta, cire wani 2, in akasin haka ne ƙara. Abin da ya fito sai ka mayar da shi kaso. A kusa da tsakiya, kowane maki ɗaya kamar kashi 3 ne a kan 50. Fifikon maki 3 kusan kashi 60, maki 5 kusan 65, maki 8 kusan 74, maki 10 kusan 79. Ka lura yana raguwa yayin da ratar ke girma, shi ya sa ba a rubuta wa kowane wasa kashi 100.

A ce ratar ƙungiyarka maki 2 a sama. Ranar Talata kuna gida da mai maki 4 a ƙasa: tazarar 6, da 2 na gida, 8, wato kashi 74. Juma'a kuna waje da mai maki 6 a sama: kuna ƙasa da 4, da 2 na baƙunta, 6 a ƙasa, kashi 32. Asabar kuna waje da ƙungiya matsakaiciya da ta huta: 2 naku, cire 2 na baƙunta, cire 2 na gajiya, kuna ƙasa da 2, kashi 44. Haɗa 0.74 da 0.32 da 0.44, ka samu 1.5. Wasa ɗaya da rabi cikin uku. Mai kallo da ido zai ce biyu tabbas ne, ɗaya kawai za a rasa. Haka za ka bi har wasan ƙarshe, ka ɗora jimillar a kan nasarorin da ke hannu, sannan ka yi wa ƙungiyar da kuke tsere da ita irin wannan.

Wanda ba shi da ratar maki, sai kason nasara, akwai hanyar da Bill James, wani masanin ƙididdigar wasanni ɗan Amurka, ya fito da ita. Ninka kason nasararka da kason faɗuwar abokin karawa, wannan naka. Ninka kason nasararsa da kason faɗuwarka, wannan nasa. Raba naka da jimillar biyun. Mai kashi 60 da mai kashi 70: 0.6 sau 0.3 ya ba da 0.18, 0.7 sau 0.4 ya ba da 0.28, sai 0.18 a raba da 0.46, kashi 39.

Wannan hanya tana tona wani abu da matsakaici ke rufewa. Karawa da mai kashi 75 da mai kashi 25, matsakaicinsu 50, daidai da karawa da masu kashi 50 guda biyu. Amma ƙungiya mai kashi 60 za ta sa ran 1.15 a na farko, 1.2 a na biyu. Mai kashi 40 kuma 0.85 a na farko, 0.8 a na biyu. Jadawali ɗaya, ya yi wa wani daɗi ya takura wani.

Wasan gida har yanzu yana da tasirin da ake faɗa?

Yana da shi, amma ya ragu. A da masu gida kan ci kusan kashi 60 na wasanni, a shekarun baya-bayan nan abin ya sauko wajen kashi 55. Abin dubawa shi ne yadda wasa 41 na gida da 41 na waje suka rabu a sauran kwanaki. Mai wasa 20 a gaba, 13 a gida, ya fi mai 13 a waje da kusan wasa ɗaya, ko da abokan karawarsu ƙarfi ɗaya ne.

Gajiya da tafiya fa, yaya ake saka su?

Amurka ƙasa ce mai faɗi, tsakanin gaɓar gabas da ta yamma akwai bambancin awa uku a agogo, ga Toronto a Kanada. Ƙungiyar da ta buga da dare, ta hau jirgi, ta sauka wani gari ƙarfe biyu ko uku na dare, ta sake buga wasa da daren, ƙafafunta ba sa amsawa a kwata na huɗu. Jifar nesa ce ke fara gajarta, sai komawa tsaro ya yi nauyi. Hukumar gasar ta rage wannan: a 2014-15 matsakaicin wasan dare biyu a jere ya kai 19 ga kowace ƙungiya, yanzu yana wajen 13 zuwa 15, kuma daga 2017-18 aka daina tsara wasa huɗu cikin dare biyar.

Kada ka ƙirga dare biyu a jere kawai ka tsaya. Duba ko abokin karawar ma ya buga jiya, domin in duka a gajiye kuke babu wanda ya ci riba. Duba kuma wa aka sa a dare na biyun. In babbar ƙungiya ce wadda da ma da wuya ku ci, asarar kaɗan ce. In tsararku ce, wasan da yake rabi da rabi, nan gajiya ta fi ciwo, saboda a tsakiya ne kowane maki ya fi tsada.

Akwai kuma tudu. Denver tana kan tsayin mita 1,609, Salt Lake City kusan 1,300. Ɗan Kano da ya taɓa buga wasa a Jos, wadda ke wajen mita 1,200, ya san yadda numfashi ke yi a minti goma na farko. Zuwa Denver a dare na biyu yana cikin mafi munin abin da jadawali kan ɗora wa ƙungiya, kuma ya cancanci a cire ƙarin maki ɗaya. Sannan akwai doguwar tafiyar da aka sani duk shekara, kamar ta San Antonio Spurs a Fabrairu lokacin da ake bikin makiyaya a filinsu. Bayan irin wannan tafiya wasannin gida ne ke taruwa, don haka wanda ya auna Spurs a tsakiyarta ya dubi abin da ke biye.

Me ya sa lissafin ke rikicewa a mako biyu na ƙarshe?

Saboda ba kowa ke neman nasara da ƙarfi ɗaya ba. Shida na farko a kowace shiyya suna wucewa kai tsaye zuwa zagayen fidda zakara. Na bakwai zuwa na goma suna wasannin neman gurbi biyu da suka rage, tsarin da ya zauna tun 2021. Waɗannan, da masu kokawar tsere wa matsayi na bakwai, su ne masu zafi a Afrilu. Miami Heat ta bi ta wannan ƙofa a 2023 a matsayi na takwas, ta kai wasan ƙarshe, don haka babu mai raina gurbin.

Ƙungiyar da ta riga ta kulle matsayi na ɗaya kuma takan hutar da manyanta. A takarda kashi 70 ce, a daren kuwa 'yan benci za ka tarar. A ƙasan tebur akwai masu hangen zaɓen sababbin 'yan wasa: a tsarin ƙuri'ar da aka fara a 2019, uku mafi rauni kowace tana da kashi 14 na samun zaɓi na farko. Irin waɗannan sukan ajiye ƙwararru su saki matasa, sai su fi yadda adadinsu ya nuna rauni. Hukuma na hukunta wanda ya wuce gona da iri, kamar tarar dala 750,000 da aka ci Dallas Mavericks a Afrilun 2023 kan ajiye 'yan wasa a karawarta da Chicago Bulls. Akwai kuma dokar 2023 da ta ce sai ɗan wasa ya buga 65 kafin ya cancanci manyan kyaututtuka, wadda kan sa tauraron da ke dab da adadin ya fito ko da ƙungiyarsa ba ta buƙata.

Don haka a gaban kowane wasan Afrilu rubuta abin da abokin karawa ke nema. Babbar ƙungiya a ranar 10 ga Maris da ita ɗin dai a ranar 10 ga Afrilu ba farashinsu ɗaya ba.

Gaskiya, wasa nawa nauyin jadawali ke ƙarawa ko ragewa?

Kaɗan ne, ƙasa da yadda ake zato a majalisa. Ɗauki ƙungiya biyu masu kashi 55, kowace da wasa 20 a gaba. Abokan karawar ɗaya matsakaicinsu kashi 54, na ɗayar 47, wanda tazara ce mai yawa a wannan gasa. Ta farko za ta sa ran nasara 10.2, ta biyu 11.6. Bambancin bai kai wasa ɗaya da rabi ba. Sa'a ita kaɗai, a cikin wasa 20, tana iya kai ƙungiya sama ko ƙasa da wasa biyu ba tare da komai ya canza ba, kuma raunin tauraro ɗaya ya fi wannan duka.

Ma'anarsa, in kuna bayan wata ƙungiya da wasa ɗaya, jadawali magana ce ta gaske. In wasa biyar ne tsakaninku, sauƙin jadawali ba zai rufe ramin ba, sai dai wani abu ya same su.

Akwai wasan da ya fi wani daraja ko da nauyinsu ɗaya?

Akwai: wasan da za ku yi da wanda kuke tsere da shi. Nasarar ta ƙara muku ɗaya ta ɗora masa faɗuwa ɗaya a lokaci guda. In kuma kuka ƙare kunnen doki, abin da ake fara dubawa tsakanin ƙungiya biyu shi ne wa ya fi cin ɗan'uwansa a kakar, daga baya a zo kan jagorancin rukuni da sakamakon cikin shiyya. Wanda ke baya, jadawalin da ke ɗauke da wasa biyu da abokin tserensa alheri ne gare shi, ko da ya ɗaga masa adadin nauyi.

Wannan hanya za ta yi aiki a kan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ko BAL, gasar ƙungiyoyin Afirka?

Tunanin zai yi, alƙaluman ba za su yi ba. Gasar Najeriya, mai shiyyar Savannah inda Pillars take da shiyyar Atlantic, sau da yawa ana tara ƙungiyoyi ne a gari ɗaya a buga zango cikin 'yan kwanaki. Haka BAL, wadda aka fara a Kigali a 2021, inda Rivers Hoopers ta zo ta uku a 2024: a waccan kakar ƙungiya huɗu ne a rukuni, suka buga wasa shida-shida a birni ɗaya cikin abin da bai wuce kwana goma ba. A nan batun gida da waje ya koma tambaya ɗaya, wa ke karɓar baƙi. Wasannin sun yi kaɗan a dogara da kaso, nasara 3 cikin 4 ba ta gaya maka komai sosai. Wasan kuma minti 40 ne ba 48 ba, don haka ma'aunin maki na NBA ba ya hawa kansa kai tsaye.

Abin da ya fi amfani shi ne jerin kwanakin: wa za a fuskanta a rana ta uku a jere, ƙungiyar na da mutum takwas ko tara da koci ya yarda da su ko biyar ne ke ɗauke da ita, da kuma ko ta iso da wuri ko ta kwana a mota, domin Kano zuwa Legas ta hanya kusan kilomita 1,000 ne.

Sau nawa ya kamata in sabunta lissafin?

Sau ɗaya a mako ya isa daga Janairu, sai kuma washegarin rufe kasuwar 'yan wasa a farkon Fabrairu, inda za ka sake duba ratar duk ƙungiyar da ta yi babban ciniki. Daga ƙarshen Maris kuwa kullum ne, tare da rahoton masu rauni, wanda ake fitarwa tun jajibirin wasa a kuma sabunta shi ranar wasan.

Ka kula da agogo wajen ƙirga hutu. Kano tana gaban gabashin Amurka da awa shida, ta koma biyar daga Lahadi ta biyu a Maris lokacin da suke tura agogonsu gaba. Wasan ƙarfe 7:30 na dare a New York ƙarfe 1:30 na dare ne a nan kafin canjin, na gaɓar yamma kuma 4:30 na asuba, wanda a shekarun nan da azumi ke faɗowa Fabrairu da Maris ya kan dace da sahur. Wayarka za ta nuna maka wasan Talata a ranar Laraba. In kuma akwai wasan rana na Lahadi, shi zai fito a ranarsa, sai ka ga kamar an buga biyu rana ɗaya ko an samu hutun da babu shi. Rubuta kwanakin da ranar Amurka kafin ka fara ƙirga dare biyu a jere.